Kwastomomina suna manta kalmar sirri, ciniki yana wuce ni

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari, na kuma biya an haɗa mini shafin intanet na karɓar oda. Mutane na yin rajista, amma in sun dawo sai su ce sun manta kalmar sirri, wasu ma ba sa sake waiwayowa. Wanda ya haɗa shafin ya ce sakacinsu ne. Yaya zan yi?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ni ban yarda sakacinsu ba ne. Wayar da ke hannun kwastomanka ta iya riƙe masa kalmar sirri: manhajar shiga intanet ta Chrome na ajiye ta a asusun Google, takwararta Safari a iPhone ma tana yin nata. Har ƙirƙiro masa mai ƙarfi suke yi, su cike ta da kansu idan ya dawo. Amma fa sai fom ɗinka ya nuna musu wane gurbi ne na mene.

Ka kira mai haɗa shafin. Gurbin lambar waya ko imel da ake shiga da shi, ya yi masa alamar autocomplete="username". Gurbin kalmar sirri a wajen rajista "new-password", a wajen shiga kuma "current-password". Ƙaramin gyara ne, kada ya caje ka kuɗin sabon shafi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fom ɗin da ke hana kwafa da liƙawa, ko ya ce kalmar sirri kada ta wuce haruffa takwas, wai don tsaro. Wane tsaro? Wayar ta kawo doguwar kalma, fom ya ƙi karɓa, mutum ya koma ga shekarar haihuwarsa. Tun 2017 hukumar NIST mai tsara ƙa'idojin fasaha a Amurka ta ba da shawarar a bar mutane su liƙa, a kuma karɓi kalmar da ta kai haruffa 64. Rajista da shiga su kasance a adireshin intanet ɗaya mai farawa da https (alamar shafi mai tsaro), domin da adireshin ne wayar ke gane shagonka.

Kafin ka biya cikon kuɗi, ari wayar yaron shagonka ka yi rajista da hannunka. Ta tambaye ka ko a ajiye kalmar? Fita ka dawo. Ta cike da kanta? In ba ta yi ba, aiki bai ƙare ba.

Sannan mai sayen turmi ɗaya, me ya haɗa shi da rajista? A ba shi hanyar biya da lambar waya da adireshi kawai. Rajistar ka bar wa masu sari da ke dawowa kullum.