Tambayi Likita: Allurar Mura, Sakin Ƙafafu da Maganar Diyya

Assalamu alaikum. Lokacin allurar rigakafin mura ya sake zagayowa a ƙasashen sanyi, shi ya sa yawancin saƙonnin wannan mako daga 'yan'uwanmu mazauna waje suka fito. Amma akwai ɗaya daga Jigawa da ya tayar mini da hankali. Wanda ya aiko shi ya tsallake komai, ya sauka kan tambaya ta uku yanzu.

Likita, gaskiya ne allurar mura ita da kanta tana sa mura? (Wani ɗalibi, Alƙahira)

A'a. Allurar da ake yi a dantse ba ta ɗauke da ƙwayar cuta mai rai. Ɗan zazzaɓi da ciwon jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, farasitamol ya isa. In ya wuce kwana uku, ko ƙafa ta fara yi maka nauyi, ka ga likita.

Likita, barka da aiki. Maigidana direban tasi ne a nan Bronx. An yi masa allurar mura a wani kantin magani a Oktoban bara. Bayan kamar sati biyu ya fara jin ana tsira masa allura a tafin ƙafa, sai hawa bene ya gagare shi, kafin sati ya zagayo ko kofin shayi ba ya iya riƙewa. Ya kwanta a ɗakin kulawa ta musamman, likitoci suka ce Guillain-Barré ne. Kusan shekara ke nan yana dogara sanda, bai koma aiki ba, kuɗin haya ya taru mana. 'Yan'uwa a gida sun ce sammu ne. Maƙwabciyata kuma ta ce gwamnati na biyan diyya. Gaskiya ne? Ba za mu jawo wa kanmu fitina ba, tunda bai zama ɗan ƙasa ba tukuna? (Wata baiwar Allah, Amurka)

Sannu, Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da jinyar da kike yi.

Ba sammu ba ne. Ciwo ne sananne, tun 1916 wasu likitocin Faransa, Guillain da Barré da Strohl, suka bayyana shi a jikin sojoji biyu. A takardun asibiti za ki ga an taƙaita shi GBS. Garkuwar jiki ce ke ruɗewa, bayan ta gama yaƙi da wata cuta sai ta juya kan jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa ƙafa da hannu, ta ci rufin da ke lulluɓe da su. Kamar wayar lantarki ce da ɓera ya gwigwiye robarta: wayar na nan, amma wuta ba ta isa inda ya kamata. Rufin yana sake tofowa, a hankali dai. Mafi yawan masu ciwon suna komawa tafiya da ƙafarsu, wasu cikin watanni, wasu sai an haura shekara. Kada ya bar zuwa wurin masu gashi da motsa gaɓoɓi na asibiti, ko da ya ga kamar ba ya gaba.

Maƙwabciyarki ta faɗi gaskiya. A 1986 majalisar Amurka ta yi dokar da ta kafa shirin biyan diyyar illar rigakafi, wanda ake kira VICP, ya fara aiki a Oktoban 1988. Allurar mura ta shekara-shekara tana cikinsa, kuma ya shafi manya da yara. Ba mai kantin maganin za ku kai ƙara ba, ba kuma kamfanin da ya haɗa allurar ba. Ana shigar da takardar neman diyya ce a wata kotun tarayya da ke Washinton, inda wasu alƙalai na musamman ba su da aikin da ya wuce wannan. Kuɗin kuwa daga wani asusu yake fitowa, wanda ake tarawa da harajin santi 75 a kan kowace allurar mura. Ba a buƙatar ku nuna wani ya yi sakaci. Zama ɗan ƙasa ma ba sharaɗi ba ne, muddin a Amurka aka yi masa allurar.

Abin da ya fi taimakon ku shi ne wani jadawali da shirin ke da shi na illolin da aka amince da su. A 2017 aka saka GBS a cikinsa. Idan alamar farko ta bayyana tsakanin kwana 3 zuwa kwana 42 bayan allurar mura, doka na ɗauka cewa allurar ce sanadi, sai dai in lauyoyin gwamnati sun kawo hujjar wani dalili daban. Sati biyun da kika ambata ya faɗa tsakiyar wannan tazara. Wanda nasa ya fito kafin haka ko bayan haka zai iya nema, amma shi zai kawo ƙwararrun da za su tabbatar da alaƙar, aikin ya fi wuya. Sharaɗi na biyu, illar ta wuce wata shida, ko ta kai ga kwanciya asibiti tare da tiyata, ko ta kai ga rasuwa. Maigidanki ya haura wata shidan.

Ana biyan kuɗin magani da jinya da inshora ba ta biya ba, na baya da na gaba, da kuɗin shigar da ya rasa saboda barin aiki. Na wahala da raɗaɗi kuma an yi masa iyaka, ba ya wuce dala 250,000. Kada ki sa wannan adadi a ranki kamar ya shiga aljihu, kowa da gwargwadon cutuwarsa, kuma shari'ar takan ci shekara biyu ko fiye. Don haka matsalar haya a nemi mafitarta ta wata hanyar tun yanzu. Ma'aikatan jin daɗin jama'a na asibitin da ya kwanta sun san ƙofofin da ake bugawa.

Yanzu ki buɗe kunne, don a nan mutane ke asara. Wa'adin shekara 3 ne, kuma daga ranar da alamar farko ta fito ake lissafi, ba daga ranar da likita ya faɗi sunan ciwon ba. Kun riga kun ci ɗaya. In wa'adi ya wuce, da wuya kotu ta saurare ku. Rahoton da asibiti ya aika wa hukumar lafiya cewa an samu illa bayan allura ba ya zama shigar da ƙara, abubuwa biyu ne daban. Ki koma kantin maganin ki karɓo takardar da ke nuna ranar allurar da sunanta. Ki tara takardun asibiti, musamman sakamakon ruwan da aka ɗiba a ƙashin bayansa da gwajin saurin jijiyoyi, da takardun harajinsa na shekarun baya, tunda direban tasi ba shi da takardar albashi. Sai ku nemi lauyan da ya saba da wannan kotu. Shirin ne ke biyan lauya, ko da ba a ci nasara ba, in dai ƙarar tana da tushe kuma an shigar da ita da gaskiya. Duk lauyan da ya ce a ba shi kaso daga diyyar, ku tashi ku ba shi wuri.

Allurar bana kuwa, kada ya yi sai ya zauna da likitan jijiyoyinsa. Wanda GBS ya kama cikin sati shida bayan allurar mura, galibi ba a sake yi masa. Ke da yara ku yi taku, kariya ce gare shi. In kuma kika ga ƙarfin da ya samu yana komawa baya, ko numfashi na yi masa wuya, ku koma asibiti a ranar.

Likita, ƙanena ɗan shekara 12 ya yi gudawa sati biyu da suka wuce, ta tsaya. Yau kwana huɗu ƙafafunsa sun saki, jiya hannu ma ya fara. Tsofaffi sun ce shan inna ne. Ana yi masa hayaƙi, an yi masa sakiya a gwiwoyi, ana ɗura masa jiƙo amma yana ƙwarewa. Mai kemis ya yi masa allurar ƙarfin jiki. Me za mu ƙara? (Wani ɗan'uwa, Jigawa)

Ba abin da za ku ƙara. Ku nemi mota yau, ba gobe ba, ku kai shi babban asibiti mafi kusa, ku ce musu raunin yana hawa sama kuma yana ƙwarewa. In sun ce a wuce asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, ku wuce, kada ku koma gida shawara.

Sai an duba shi za a tabbatar, amma gudawa, sannan hutun sati ɗaya ko biyu, sannan ƙafa biyu su saki tare raunin ya nufi hannu, wannan ita ce hanyar da GBS ya fi bi. Kusan biyu cikin uku na masu ciwon sun yi gudawa ko ciwon ƙirji kafin nan. Babbar mai jawo shi wata ƙwayar cuta ce, Campylobacter, da ake samu a naman kaza da bai dahu ba, da madarar da ba a tafasa ba, da gurɓataccen ruwa. Ka ga shi ko allurar mura bai taɓa gani ba.

Ba ƙafar ce ke ba ni tsoro ba, ƙirjin ne. Raunin da ya taso daga ƙafa ya kama hannu zai iya kama naman da ke jan numfashi, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na masu ciwon sai an sa musu na'urar numfashi. Kafin mota ta zo, ka ce ya ja numfashi ɗaya ya ƙirga da ƙarfi. In bai kai ashirin ba, ko ba ya iya ɗaga kansa daga matashi, ko tarinsa ba ƙarfi, lokaci ya ƙure. Ku ɗauke shi a kishingiɗe, kansa a sama, kada a ba shi komai ta baki a hanya.

Haba jama'a! Yaron da maƙogwaronsa ya kasa haɗiya, a danne shi a ɗura masa jiƙo? Ruwan nan huhu yake tafiya, kuma nimoniyar da za ta biyo baya tana iya kashe shi kafin ciwon da ake yi wa magani. Ƙirjin da ke fama da jan iska, a lulluɓe shi da bargo a turnuƙe shi da hayaƙi? Sakiya kuwa ƙuna ce kawai aka ƙara masa, a ƙafar da ba ta motsi, inda gyambo ke daɗewa bai warke ba. A rufe wurin da tsumma mai tsabta, a nuna wa ma'aikatan asibiti, kada a ɓoye don kunya. Allurar mai kemis, in irin su deksametason ce, an gwada wannan rukunin magani a kan GBS an ga ba ya amfani. Allura a ɗuwawun yaron da ƙafarsa ta saki ma haɗari ce a karan kanta.

Na san tsofaffi ba mugunta suke yi ba, abin da suka gada ke nan. Ka yi musu magana da ladabi, amma ka tsaya a kan bakanka. Addu'a da tofi ba wanda zai hana su a gefen gadon asibiti.

Maganin ciwon iri biyu ne: wani ruwan garkuwa da ake sawa ta jijiya, yawanci kwana biyar, ko tace ruwan jini da na'ura. Suna da tsada, ba zan ɓoye maka ba. Amma ko ba su samu ba, sa ido a kan numfashi da bugun zuciya, da ciyarwa ta robar hanci, da juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, su ne ke riƙe rai har jijiyoyi su farfaɗo. Yara kuwa sun fi manya saurin warkewa.

Abu na ƙarshe: duk yaron da bai kai shekara 15 ba, gaɓarsa ta saki farat ɗaya, wajibi ne a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Za a ɗauki bayan gidansa sau biyu, da tazarar kwana ɗaya, cikin sati biyu da farawar ciwon, don a tabbatar ba foliyo ba ce, wato shan inna. Kyauta ne. Ka tashi yanzu, Allah ya ba shi lafiya.

In har gwamnatin Amurka na biyan diyya, ai ta amsa cewa allurar cuta ce. Mu da muka ga abin da ya faru a Kano a 1996, me zai sa mu yarda? (Wani malamin makaranta, Kano)

Malam, shakkarka tana da asali. Abin da ya faru a 1996 gwajin maganin Trovan ne da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau, kuma a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Sai dai wancan sabon magani ne ake gwadawa a kan marasa lafiya, ba rigakafi ba.

Alaƙar allurar mura da GBS kuwa ba a ɓoye ta ba. A 1976, bayan murar aladu ta ɓulla a barikin soja na Fort Dix, gwamnatin shugaban Amurka Gerald Ford ta yi wa mutum sama da miliyan 40 allura. Aka lura an samu ƙarin kusan mutum ɗaya mai GBS a cikin kowane 100,000, aka dakatar da shirin a Disambar shekarar. Tun daga nan ake bibiyar lamarin, kuma a allurar shekara-shekara ƙarin bai wuce mutum ɗaya ko biyu a cikin miliyan ba. Murar kanta ta fi allurar jawo GBS, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a shekara. A ganina ƙasar da ta ce wa jama'a su yi rigakafi don amfanin kowa, haƙƙi ne a kanta ta ɗauki nauyin ɗayan nan da tsautsayi ya faɗa wa. Asusun na Amurka dai bai shafi allurar da aka yi a Kano ko Maraɗi ba. A nan, wanda ya ga wata illa ya koma inda aka yi masa a rubuta, a kuma sanar da NAFDAC.

Mu da ke Ingila fa? (Wata 'yar'uwa, Manchesta)

Akwai tsarin biyan diyyar illar rigakafi tun 1979, amma ya fi tsauri: fam 120,000 sau ɗaya, kuma sai naƙasar ta kai kashi 60 cikin ɗari.

Allurar korona tana cikin shirin na Amurka? (Wani ɗan'uwa, Shikago)

An sa ta a wani shiri daban mai suna CICP, wa'adinsa shekara ɗaya tak daga ranar allurar. Kada ka yi jinkiri.

Zan sauke farali bana, shekarata 68, ina da ciwon suga. In yi allurar mura? (Wani maniyyaci, Zariya)

Ka yi, Baba, aƙalla sati biyu kafin tashi. Hukumomin Saudiyya ma suna ba alhazai wannan shawara, kuma mai suga a cunkoson Mina ya fi kowa buƙatarta. In ka taɓa yin GBS ka faɗa wa likita kafin a yi. In kuma bayan allurar, ko bayan wata gudawa a can, ka ji ƙafafunka biyu suna yin nauyi, kada ka ce gajiyar ɗawafi ce, ka je asibitin alhazai a duba ka.