Kamfani ya turo mini kwantiragin talla, in sa hannu?

Ka ce za su biya ka ka yi musu bidiyo, amma kana tsoron ya zama nasu. Tsoronka na kan hanya, ɗan'uwa.

Bidiyon da ka ɗauka naka ne ko ba ka yi rajista ba, haka yarjejeniyar Berne, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan haƙƙin mallaka, ta tanada. Sai dai sa hannu ɗaya yana iya raba ka da shi. Duba da kyau: izinin amfani ka ba su, ko sayarwa ka yi ɗungurungum? In izini ne, a rubuta wata nawa, a waɗanne shafuka, da ranar biya. Inda ka ga "har abada", dakata. Kada kuma ka sa waƙar wani ba izini, kai za a kama.

Ka kai wa lauyan haƙƙin mallaka ya karanta tukuna.