Amsa ga Malamar da Ta Tambayi Yadda Aka Gina Labarin Planes

Assalamu alaikum. Malama, kin tambaya ko fim ɗin zanen nan mai suna Planes, wanda yaranki suka hana ki sakat da shi, yana da wani tsarin labari da mai son rubuta wa yara littafi zai iya koyo daga gare shi, ko kuwa ƙarar inji ce da gudu kawai. Ni malamin firamare ne, kuma gidana a Palladan da ke Zariya yake, kusa da kwalejin horar da matuƙa jiragen sama da aka kafa a 1964, inda tun da sanyin safiya ƙananan jiragen koyon tuƙi suke shawagi a kanmu. Saboda haka yarana sun taso da son jirgi, kuma na zauna na kalli fim ɗin tare da su sau da dama.

Kamfanin Disney ne ya fitar da shi a 2013. Jarumin, Dusty, ƙaramin jirgin feshin gonaki ne da yake son shiga gasar tseren zagaya duniya, wadda ta tashi daga New York ta bi ta Iceland, Jamus, Indiya, Nepal, Sin da Meziko, ta koma inda ta fara. Kowane zango kamar babi ne mai nasa haɗarin, kuma wannan ita ce dabara mafi sauƙi da za ki ɗauka, domin yaro ba ya ɓacewa a labarin da aka yanka masa zango-zango.

Amma a ganina tseren ba shi ne ƙashin bayan labarin ba. Tun daga farko aka nuna mana cewa Dusty yana tsoron tashi sama sosai. Dalilin kuma a fili yake: jirgin feshi ƙasa-ƙasa yake bi, dab da kan shuka, don maganin ya sauka inda ake so, shi ya sa bai taɓa sabawa da tsakiyar gajimare ba. Marubutan sun dasa wannan rauni da wuri, sannan suka riƙa dawowa kansa. A tsaunukan Himalaya tsoron ne ya sa ya kutsa ramin jirgin ƙasa maimakon ya haura dutse, ya kusa halaka. A zangon ƙarshe kuwa ba wata hanyar nasara da ta rage masa sai ya haura saman gajimare ya hau iskar da za ta tura shi gaba, wato ainihin abin da malaminsa ya daɗe yana gaya masa yana ƙi. Abin da ya hana shi tun farko shi ne ƙofar da dole ya bi a ƙarshe. Idan za ki rubuta naki, ki fara sanin abin da jarumarki take tsoro kafin ki san inda za ta je.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne labarin malamin nasa, Skipper, tsohon jirgin yaƙin sojan ruwa da ya daina tashi. Dusty ya ɗauke shi gwarzon da ya sha gwagwarmaya, sai daga baya ya gano cewa fita ɗaya tak ya taɓa yi, kuma a wannan fita ya rasa dukkan yaran da yake jagoranta. Ranar da muka fara kai wa wurin, ɗiyata mai shekara tara ta ajiye kofin kununta ta juyo ta ce, "Baba, ashe ƙarya ya yi masa?" Na ce mata ta bari mu gani. Da Skipper ya daure ya sake tashi don ya kare ɗalibinsa daga masu son kayar da shi, ita da kanta ta ce kunya ce ta sa ya ɓoye. Dattijon da ake girmamawa ya yi kuskure, yaro ya ji ciwon hakan, amma girman bai zube ba; wannan magana ce mai nauyi a gidajenmu, kuma fim ɗin ya riƙe ta da hankali. Malamin da ɗalibin ciwo iri ɗaya ke damunsu, kowanne sai da ya zama sanadin warakar ɗan'uwansa.

Akwai kuma zaren alheri. A hanyar Jamus wani jirgin Ingila, Bulldog, man inji ya rufe masa ido, Dusty ya bar tseren ya raka shi har ya sauka lafiya, shi kuma ya zo na ƙarshe. An bar maganar kamar ta wuce. Sai da Dusty ya faɗa teku ya isa Meziko a ragargaje, abokan hamayyarsa suka tattaro masa kayan gyara. Na taɓa tambayar 'yan ajina bambancinsa da Gizo na tatsuniya, wani yaro ya ce Gizo da wayo yake ci, shi kuwa wannan da kirki. Alheri danƙo ne, amma marubutan ba su sa kowa ya tsaya ya yi wa'azi a kai ba, sun bar mai kallo ya haɗa da kansa.

Ba zan ɓoye miki rauninsa ba. Mugun labarin, Ripslinger, ba shi da wani dalili sai girman kai, kuma jiragen sauran ƙasashe an zana su da halayen da aka saba liƙa wa mutanensu, abin da ba na son ki kwaikwaya idan kin zo sa Bayarabe ko Bafulatani a littafinki. Babba ma tun minti goma na farko zai san wanda zai ci gasar.

Shawarata ita ce ki sake kallonsa ke kaɗai bayan yara sun yi barci, da biro da takarda. Duk abin da aka ambata a kashin farko ki rubuta shi a hagu, in ya sake bayyana ki rubuta wurin a dama. Haka na yi kafin na tsara wasan kwaikwayon da 'yan aji biyar suka yi a bikin ƙarshen zango, kan yarinyar da take tsoron tsallaka rafi zuwa makaranta. In kin gama daftarin farko ki sa mana shi a nan, zan karanta in sha Allahu.