Game da macijin boa da ka karɓo a rame

Malam, ka tambaya ko za ka ƙara masa abinci tunda ya rame har ƙashin bayansa ya fito. Kada ka yi gaggawa, domin cikin da ya daɗe da yunwa yakan amayar da babban ɓera, kuma idan ya yi amai sai an jira mako biyu kafin a sake ciyar da shi. Fara daidaita zafin akwatinsa tukuna, gefe ɗaya digiri 31 na Salsiyos, ɗayan 26. Shimfiɗa farar takarda a ƙasa, saboda a kanta ake ganin ƙananan baƙaƙen ƙwari masu shan jininsa. Saɓar da ta maƙale a idonsa kuwa, kada ka ɓare ta da hannu. Aikin likitan dabbobi ne.