Amsar tambayar sa manhajar rediyo a kan Raspberry Pi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'ar gidan nan barkanmu da dare. Ƙanena, na ga saƙonka tun la'asar, ina kan hanya ne shi ya sa ban amsa ba, kuma maganar ta fi ƙarfin rubutu, gara in yi ta da baki. Ga waɗanda ba su ga tambayar ba: ya ce tasharsu tana rufewa 12 na dare saboda babu mai zama a situdiyo, oga kuma yana son ta riƙa kaiwa asuba da karatu da waƙoƙi da tallace-tallace, amma babbar kwamfutarsu tana shanye batirin inbata. Ya samu Raspberry Pi 4, wato 'yar ƙaramar kwamfutar nan kamar tafin hannu, mai RAM giga 4, yana tambaya ko Rivendell, manhajar juya shirye-shiryen rediyo, zai hau kanta.

To, zai hau. Amma ni da za ka ji tawa, ba da shi za ka fara ba.

Bari in fara da lissafin wutar, tunda shi ya kawo maganar. Babbar kwamfuta da allonta, ka ƙaddara wat 100. Wannan 'yar abar, in tana zaune tana juya sauti kawai, wat 3 ne zuwa 4, ko an matsa mata da wuya ta wuce 7. A awa 6 na dare ka ga bambancin wat-awa 600 ne da abin da bai fi 42 ba. Sai dai ka gaya wa oga gaskiya tun yanzu, transimita ita ce mai cin wutar, Pi ba za ta rage mata ko wat ɗaya ba. Kar ka yi alkawarin da gobe za a riƙe ka da shi.

Rivendell manhaja ce ta ƙwararru, kyauta ce, gidajen rediyo na gaske suna aiki da ita shekara da shekaru, ba na raina ta. Matsalar ita ce, an fi shirya ta don kwamfutoci masu Intel da AMD, ita kuwa Pi ƙwaƙwalwarta ARM ce. Ke nan ko ka zauna ka haɗa ta da kanka daga tushe, wanda aikin yini guda ne ga wanda ya saba, ko ka ɗauko wadda wani ya riga ya haɗa ya ɗora a intanet, ka dogara da shi, ran da ya daina sabuntawa kai ma ka tsaya. Sannan tana tafe da rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB da ke ta rubutu a memori, kuma a yadda ta zo, duk abin da ka shigar mata sai ta mayar da shi WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba. WAV kuwa minti 1 mega 10 ne da 'yan kai. Waƙa 1,000 masu minti 5 ka ga giga 50 ta tafi, balle namu na gargajiya da ɗaya za ta ci minti 20 ba a kai amshi na ƙarshe ba, balle tafsirin azumi. Daɗin Rivendell shi ne allon da mai gabatarwa zai zauna gabansa yana danna jingil yana jan waƙa. Kai kuwa ka ce da dare babu kowa. Wa zai danna?

Na ga wani ya ambaci AzuraCast da LibreTime. Su ma suna da kyau, ta burauza ake sarrafa su, daga wayarka ma za ka iya. Amma AzuraCast don rediyon intanet aka gina ta, sautinta Icecast take miƙa wa, wato manhajar da ke rarraba sauti ga masu sauraro ta intanet, ba wayar da za ka soka a miksa ba, sai ka sake sa wani abu ya saurari tashar ya fitar maka da ita. Kuma dukansu biyun in ka buɗe cikinsu injin da ke juya sautin ɗaya ne, sunansa Liquidsoap. To tunda injin kake nema, ɗauki injin kawai.

Ga yadda nake yi. Ka sauke Raspberry Pi Imager a laftof, ka zaɓi Raspberry Pi OS Lite mai 64-bit, wato wanda ba shi da fuskar hotuna, baƙin allo ne kawai da rubutu. Kafin ka danna rubutawa akwai wurin saiti, a nan za ka sa sunan mai shiga da kalmar sirri, ka kunna SSH, wato hanyar shiga cikinta daga wata kwamfutar, ka sa yankin lokaci Africa/Lagos. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su sa Africa/Niamey, agogon ɗaya ne dai. In ta tashi ka shiga daga laftof ɗinka, ka buga sudo apt update, sannan sudo apt install liquidsoap. Shi ke nan an gama sa manhajar, ko shayinka bai huce ba.

Abin da ya rage ɗan rubutu ne da bai kai layi 30 ba. Ka buɗe folda uku ko huɗu, ta karatu, ta waƙoƙi, ta jingil, ta talla. A cikin rubutun kana gaya masa daga 12 zuwa 4 ɗauko daga nan, daga 4 zuwa 6 ɗauko daga can, bayan kowace waƙa 3 saka jingil ɗaya. Sai ka ajiye wani fayil guda na ko-ta-kwana, wanda in komai ya ƙi, shi zai riƙa juyawa maimakon tasha ta yi shiru. Nawa zan turo nan in na isa gida, ka canza sunayen folda kawai. Abu ɗaya, in ka je neman misalai a intanet ka kula, yadda ake rubuta masa umarni ya canza tsakanin siga ta 1 da ta 2, misalai da yawa tsofaffi ne, za ka kwafa ya yi ta watso maka kuskure ka ɗauka kai ne ba ka iya ba. Kuma ka yi masa rajista a systemd, wato abin da ke tada manhajoji in Pi ta kunnu, da Restart=always, don in wuta ta dawo ya tashi da kansa, in ya faɗi ya miƙe da kansa.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don manhajar ba ita ke kwantar da mutane ba.

Caja. Don Allah don Annabi kar ka sa mata cajar waya ta bakin titi. Pi 4 tana son bolt 5 da amfiya 3 ta USB-C, kuma tana son su tsaye. Da zarar wutar ta sauka ƙasa da 4.63 za ta fara rage gudu, kayan da ke jikin USB su riƙa ɓacewa suna dawowa, sauti ya riƙa tsinkewa, kai kuma ka kwana kana zargin Liquidsoap. Ka buga vcgencmd get_throttled. In ta ba ka 0x0 lafiya lau, in ta ba ka wata lamba daban, caja ko wayar cajar ce, ko zafi. Ni abin da na fi so, tunda kuna da batir mai bolt 12, a sayi 'yar na'urar nan da ke sauke 12 zuwa 5, mai ɗaukar amfiya 5, a ja kai tsaye daga batir da fiyus a tsakani. Ta haka ko an ɗauke wuta, ko ana canzawa daga inbata zuwa janareta, ita ba ta ma san an yi ba. In bankin batirinku 24 ne ko 48, ka duba abin da na'urar ke karɓa kafin ka saya, kar ka jona ta ga batir ɗaya a cikin jeri.

Wannan ya kawo mu memori. Ɗan katin nan ba ya jure a yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu. Sau ɗaya, sau biyu, sau goma zai tashi, ran na sha ɗaya sai ka zo ka tarar da jar fitila kawai tana kallonka. Pi 4 tana iya tashi daga USB, saboda haka ka nemi ƙaramin SSD ka ɗora komai a kai. In kuɗi bai kai ba, to katin ya zama na kirki, waƙoƙin su zauna a filashi daban, kuma ran da komai ya daidaita ka kwafe katin gaba ɗaya zuwa wani, ka manna shi da salatif a cikin akwatin. Ranar da ya mutu, ko maigadi ka kira a waya zai iya canzawa.

Sai agogo, kuma wannan da jikina na koye shi. Pi 4 ba ta da agogo mai batir irin na babbar kwamfuta. Lokaci daga intanet take samo shi. In babu intanet, sai ta ɗauko lokacin da ta ajiye na ƙarshe kafin ta mutu ta ci gaba daga nan, kamar wanda ya farka daga barci ya ɗora hira daga inda ya tsaya. Wata tasha da na taɓa haɗa wa irin wannan, batir ya ƙare wajen 1 na dare, aka tada inji wajen 4, ga shi datar na'urar intanet ɗinsu ta ƙare tun jiya ba wanda ya lura. Ta tashi lafiya, sauti tas, amma a wurinta 1 na dare ne. Mutane sun fito sallar asuba, maimakon karatu sai ga kalangu yana tashi a rediyo. Wayata ta fara ƙara tun kafin in shafa addu'a, manaja yana cewa Injiniya me muka yi maka. Da na isa na buga date a allo, na ga lokacin da ta nuna, sai da na zauna a ƙasa na yi dariyar takaici. Maganin kuwa ɗan ƙaramin abu ne kamar kan yatsa, sunansa DS3231, da ɗan batirinsa a jiki. Ka soka shi a kan jerin fil-fil ɗin da ke jikin Pi, waɗanda ake kira GPIO, ka kunna I2C a raspi-config, ka ƙara layi ɗaya a config.txt, wato dtoverlay=i2c-rtc,ds3231. Pi 5 ta zo da agogonta a jiki, batir kawai za ka saya mata, amma taka 4 ce, sai ka sa. Kuma in kiran salla za ku riƙa sawa, ka tuna lokacinsa yana matsawa da tafiyar shekara, ba a kafe shi a minti ɗaya a manta. Ko dai wani ya riƙa gyarawa duk mako, ko a bar shi ga ma'aikacin safe.

Sauti. Akwai 'yar kafar iyafis a jikinta, ka manta da ita. Ta ishi gwaji a ɗaki, amma in ta bi ta miksa ta shiga transimita za ka ji wani shuuu a ƙarƙashin komai, musamman lokacin da mai karatu ya tsaya jan numfashi. Ka sayi katin sauti na USB. Behringer UCA202 nake yawan amfani da shi, yana da kafofin RCA, kana sokawa Linux ta gane shi ba sai an sa masa komai ba. Ka buga aplay -l ka ga sunansa, shi wannan CODEC yake fitowa. A rubutunka ka kira shi da sunan, kar ka kira shi da lamba, don yau zai zama kati na 1, gobe in ta sake tashi ya koma na 2 ko na 3, sautinka ya tafi HDMI inda babu mai ji. In kuma bayan haɗawa ka ji ƙugi, wuuun ɗin nan mai kauri, yawanci bambancin wayar ƙasa ce, wato earth, tsakanin Pi da miksa, akwai ɗan taransifoma da ake sawa a tsakiyar wayar sauti ya raba su. Ka kuma nisanta ta da transimita, wayar sautin ta zama gajera mai rufi.

Zafi kuma ka san garinmu a watan Afrilu. In ta kai digiri 80 za ta fara rage gudu da kanta. Akwatin alminiyon nan da shi kansa ke zuƙe zafi ya fi mini mai fanka, don fanka in hunturu ya zo ƙura take tarawa har ta tsaya ba ka sani ba. Ka riƙa duba vcgencmd measure_temp da tsakar rana, ba da dare ba.

Wani a sama ya ce ya ga bidiyon da ake soka waya a fil na GPIO 4 Pi ta zama tashar FM da kanta. Gaskiya ne tana yi, amma siginar ƙazama ce, tana fantsama kan mitocin da ba nata ba, kuma watsa shiri ba lasisin NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta Najeriya, laifi ne. Ku da kuke da lasisi da transimita ta gaske ba ruwanku da wannan.

In oga ya ce a ɗora ku a intanet ma, Liquidsoap ɗin nan zai iya tura sauti biyu a lokaci guda, ɗaya miksa ɗaya Icecast. Amma ka yi masa lissafin data. A 128 kbps, awa 1 kusan mega 58 ne, yini guda giga 1.4, wata guda ya haura giga 40, kuma wannan turawa ce kawai zuwa saba ta waje, wato kwamfutar da za ta rarraba wa masu sauraro. A 64 rabin haka ne, kuma ga magana da karatu ya wadatar. Kar ka ce masu sauraro su riƙa ja kai tsaye daga Pi ɗin situdiyo, kowane mutum ɗaya da ya kama wani 128 ɗin ne a kan layinku.

Kafin ka jona ta da iska, ka bar ta kwana 3 tana juyawa a kan 'yar sifika a ofis, ka zare mata wuta da gangan sau biyu ko uku, ka kashe intanet, ka ga ko za ta tashi da lokaci daidai. Sannan ka ɗauko mini hoton bayan miksarku da na batiran, in ga kafar da ta rage da kuma inda za mu ja wutar. Muryar ta yi tsawo, ku yi haƙuri. Sai da safe.