Littafin Da Kake Son Cirewa Daga Wasan

Kai yaro, na ga saƙonka tun shekaranjiya. Ka ce ka sauke tsofaffin wasannin jarumai da dodanni don ka ga yadda aka gina su, sai ka tarar wannan yana tura ka littafi wai ka duba sakin layi na kaza, wancan kuma ba ya buɗewa sai ka juya wani kwali ka karanto kalma. Kana tambayar amfanin wannan wahala. Sannan ka ƙara da cewa naka wasan za ka zuba komai cikin manhaja, ka kai wa mutumin da ya ba ka aikin ya gwada a gida. Da a tambayar farko ka tsaya, da na bar ka ka nemo da kanka. Ta biyun ce ta hana ni barci.

Waɗannan wasanni ba a kwamfuta aka haife su ba, a kan tebur ne. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, ƙananan littattafai uku a cikin kwali. Mutane su zauna su kewaye tebur, ɗaya ya zama alƙalin wasa. Shi ke faɗa da baki cewa kun shiga ɗaki mai duhu, akwai wari, ga ƙofa a hagu. In faɗa ya tashi a jefa 'yan lido, a duba jadawali. Shekara guda bayan haka an riga an ɗora irinsa a kan na'urar PLATO ta Jami'ar Ilinoi, wasanni irin su pedit5 da dnd. Lissafin bai ba na'ura wuya ba, don ita ta fi kowa iya jefa ɗan lido. Bakin alƙali ne ya gagare ta. Wasan Temple of Apshai da ya fito a 1979 yana aiki a kwamfutar TRS-80 mai ƙwaƙwalwar kilobayit 16, hoto ɗaya na wayarka ya ninka haka fiye da sau ɗari. To ina za su sa bayanin ɗakuna? Sai allo ya nuna maka lambar ɗaki, kai kuma ka buɗe littafi ka karanta abin da idonka ya gani da abin da hancinka ya shaƙa. Littafin nan shi ne alƙalin da bai samu wurin zama a cikin na'ura ba. Masu wasan Wasteland a 1988 har labaran ƙarya suka cusa a nasu, don mai leƙen gaba ya ɓata. A shekarar ce kuma kamfanin SSI ya fitar da Pool of Radiance, wanda aka yi a kwamfuta da izinin kamfanin TSR, masu dokokin wasan teburin nan. Shi ne mai kwalin da kake ƙorafi a kai: ka daidaita alamomi biyu, kalma ta bayyana a 'yar taga, ka rubuta, sannan wasa ya buɗe. Faifai kowa na iya kwafa. Kwali da littafi kuwa sai wanda ya saya.

Yadda ake ajiye wasa da yadda ake zana taswira ba zan ɓata yawuna a kai ba, wanda bai san wannan ba bai isa ya zauna a shagona ba. Amma na leƙa abin da ka rubuta, kuma raina ya ɓaci. Ka ce wa na'ura ta zaɓi lamba daga 3 zuwa 18 don ƙarfin jarumi. Wa ya koya maka haka? Dokar wasan tebur ta ce 'yan lido uku masu fuska shida ake jefawa a haɗa. Hanyoyin faɗuwarsu 216 ne, guda ɗaya tak ke ba da 18, alhali 10 tana da hanya 27. Kai ka mayar da 18 ta zama sau ɗaya cikin 16, shi ya sa garinka ya cika da ƙarti, dodanni suka zama abin tausayi. Ka gyara.

Yanzu saurara ka ji abin da ya same ni.

A tsakiyar shekarun 1990, ina da wata kwamfuta 486 ta hannu, ina rubuta manhaja da Turbo Pascal, wani mai makarantar koyon kwamfuta ya zo shagona. Yana son wasa da Hausa wanda zai jawo masa yara. Ban kwafi dokokin kowa ba, na zauna na tsara nawa: mayaƙi, maharbi, mai magani da ɗan leƙen asiri, su huɗu suna shiga wani kufai mai ganuwa da tsofaffin rijiyoyi. Wata bakwai na yi. Wuta ta ɗauke in jira, ta dawo tsakar dare in tashi. Na rubuta sakin layi ɗari da arba'in a littafi, na yanka kwali da reza na yi nawa majuyin, na soke tsakiyarsa da fil. Muka shirya da baki zai biya ni kashi uku, ya ba da na farko. Faifai kuwa a bar yara su kwafa yadda suke so, littafin ne za a sayar, ni zan buga, mu raba riba. Na ranto kuɗi wurin yayana na kai wa mai ɗab'i, aka bugo mini ɗari biyu.

Mutumin nan ya ci tuwo a gidana. Ranar sunan 'yata yana sahun gaba, har da goronsa. Wata rana bayan magariba ya zo ya ce, Malam, akwai wani babban mutum da nake son nuna wa aikin nan, kuma ka san manya ba sa son juye-juyen kwali da buɗe littafi. Ka yi mini kwafi ɗaya kawai wanda komai ke ciki. Zuciyata ta ɗan tsaya, amma na ji kunyar in nuna ina zarginsa. Dare tara na yi ina shigar da littafin cikin manhaja, don a lokacin wuri ya samu, ba kamar zamanin su Apshai ba. Na cire tambayar kwali. Da zai tafi ya juyo daga bakin ƙofa ya ce in haɗa masa da asalin rubutun manhajar, wai ko wani abu zai lalace ina kan tafiya. Na ɗauko faifai na kwafa masa da hannuna. Na ba kura ajiyar nama, har na raka ta bakin titi.

Shiru wata biyu. In na je a ce ya fita, in na aika a ce yana Legas. Rannan wani yaro ya kawo mini kwamfutar gidansu gyara, ina dubawa sai ga wasana. An canza suna, an canza launin allon farko, a wurin sunana an sa na ɗan ƙanwar mutumin, yaron da ko layin manhaja ɗaya bai iya rubutawa ba. Na shiga na je rijiya ta uku, inda na san na yi kuskuren harafi a sakin layi na 63, na rubuta “ƙofra” maimakon “ƙofar”. Yana nan yadda na bar shi. Yaron ya ce ai a makarantar ake sayar musu da faifan, duk ajinsu sun saya.

Da na same shi bai ko musa ba. Ya dube ni ya ce, ina takarda? Aka kai magana gaban dattawan unguwa, su kuma ba su san abin da ake kira manhaja ba. A ganinsu faifan roba ne aka yi rigima a kai, ga shi kuma nawa yana hannuna, to me aka sace? Aka ce in yi haƙuri. Ya zaro wani abu ya ce in sa mai a babur, na bar masa a kan tabarma na fita. Kashi biyun nan har yau ban gan su ba. Bashin yayana sai da na shekara biyu ina biya. Littattafai ɗari biyu kuwa wa zai saya, tunda komai na kan allo? Suna cikin kwali a ɗakin baya har gara ta cinye su, guda ɗaya na tsira da shi. Ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. Akwai magidanta a garin nan yau da suka yi wannan wasa suna yara, kuma har gobe sunan wani suke kira in sun tuna shi.

Ku yaran yanzu komai kuna so a sauke muku cikin minti ɗaya, shi ya sa littafi ya zame muku hukunci. Ba ka taɓa zama da fensir da takarda mai gida-gida kana zana hanya taki bayan taki ba. Wasan Wizardry na 1981 hawa goma ne a ƙarƙashin ƙasa, kowane hawa gida 20 a tsaye 20 a kwance, jarumai shida, kuma in sun mutu a ciki sai ka haɗa wata tawaga ta je ta kwaso gawarsu. Wanda ya zana wannan taswira da hannunsa ba ya manta ta. Kai kuwa kana son gina irinsa alhali ko ɗaya ba ka gama ba.

Na san kwali ba zai tsare ka a yau ba, waya za ta ɗauki hotonsa a watsa kafin la'asar. Don haka ga abin da za ka yi. Mutumin ya ga hawa na farko kaɗai, a nan shagon, a kan kwamfutarka, kana zaune kusa da shi. Asalin rubutun ba ya fita ko da kuka ya zo yi. A rubuta yarjejeniya, ya sa hannu, shaidu biyu su sa, a faɗi sunan wanda zai fito a allon farko da ranar biyan kowane kashi. In ya ce ai ku 'yan uwa ne ba sai an rubuta ba, ka turo mini shi.

Littafin kuma ka bar shi, ko da shafi ashirin ne. Ranar Asabar ka zo da sassafe da kwamfutar, da fensir, da takarda mai gida-gida. Zan fito maka da guda ɗayan nan da gara ta bari ka ga yadda ake jera sakin layi. Kada ka kira mutumin kafin ka zo, kuma in tarar ka gyara 'yan lidon nan.