Fatawa: Ɗan siyasa zai saya mana bindiga, mu karɓa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni mutumin yankin Batsari ne amma yanzu muna zaman gudun hijira cikin Katsina tun da ɓarayin daji suka kore mana shanu suka ɗauke ƙanena sai da muka saida gona muka biya kuɗin fansa. To yanzu wani babba a jam'iyyarmu yace zai saya ma matasan garinmu bindigogi mu koma gida mu tsare kanmu, amma fa da sharaɗin mu zama yaranshi idan zaɓe yazo. Yayana yace duk wanda ya ƙi amsa to ɗan waccan jam'iyyar ne ko kuma infoma ne. Malam in amsa ko kar in amsa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan uwa Allah ya maida maku da alheri, ya maida ku gidajenku lafiya. Wallahi na ji zafin maganarka, don duk wanda ke Katsina ya san abinda mutanen Batsari da Jibia da Safana da Faskari suka gani, kuma ba mu manta da ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020 ba.

Tambayarka abu biyu ce ka cuɗa wuri guda, bari mu raba su.

Kare kai halal ne, babu gardama. A Sahihu Muslim wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) idan wani yazo zai ƙwace dukiyata fa, yace kar ka ba shi, yace in ya yaƙe ni fa, yace ka yaƙe shi, yace in ya kashe ni fa, yace kai shahidi ne, yace in ni na kashe shi fa, yace shi yana wuta. A mazhabarmu ta Malikiyya ma Shaihu Halil ya faɗa a Muhtasar cewa ya halatta a tunkuɗe mai kawo hari ko da kan dukiya ne, bayan an gargaɗe shi in mai jin gargaɗi ne. Kaga kenan ba wanda zai ce maka ka naɗe hannu a shigo maka gida.

Amma wannan bindigar da ake maganar ba ku, ba ta kare kai bace kaɗai, ta zo da igiya a wuyanta. Mutumin da yace sai kun zama yaranshi ba tsaron garinku ya dame shi ba, runduna yake haɗawa da jinin ku. Yau za a ce ku harbi ɓarawo, gobe ranar zaɓe a ce ku tsaya bakin rumfa ku tsorata ɗan uwanku musulmi wanda da shi aka kore ku, shanunshi ma sun tafi, laifinshi kawai ya dangwala ma wata jam'iyya. Annabi (SAW) yace wanda ya ɗauki makami a kanmu ba ya cikinmu, Buhari da Muslim suka ruwaito. Ya hana ma ka nuna ɗan uwanka da makami, don ba ka sani ba ko shaiɗan ya fizgi hannunka. Kuma yace wanda ya yi yaƙi ƙarƙashin makauniyar tuta, yana fushi don ɓangaranci, aka kashe shi, to mutuwar jahiliyya ya yi. Mu nan mun ga yadda kauraye suka taso a garin nan, yara ne aka ba kuɗi da ƙwaya da gora lokacin siyasa, zaɓe ya wuce aka watsar da su suka koma kan al'umma. To wannan da gora da adda ne, ina ga an ba su mai harsashi.

Don haka hukunci shine bai halatta ka amshi makami da wannan sharaɗin ba, shi ma mai bayarwa yana da zunubi, malamai sun hana ko saida makami ga wanda aka san fitina zai yi da shi balle kyauta.

Maganar yayanka kuwa, ka faɗa mashi cikin ladabi don babba ne, ya ji tsoron Allah da kalmar infoma, kalma ce da ta sa an kashe bayin Allah ba tare da wata shaida ba. Bindiga ba katin jam'iyya bace. A Amurka ne abin ya zama haka, tsarin mulkinsu ya ba su izinin riƙe makami tun 1791, har ta kai galibin 'yan jam'iyyar Republican na kare shi 'yan jam'iyyar Democrat na neman a tsaurara. Musulmi ba a auna imaninshi ko kishin garinshi da ƙarfen da ya rataya.

To mene mafita? Na san za ka ce ai tsohon gwamna Masari da bakinshi a 2021 yace mutane su nemi makami su kare kansu. Gaskiya ne ya faɗa, amma maganar gwamna ba ta goge dokar makamai ta 1959 ba, irin su AK47 haramtattu ne ga farar hula, ƙananan bindigogi kuma sai da lasisi daga hukumar 'yan sanda, kuma Allah yace mu bi shugabanni cikin abinda ba saɓo ba, Nisa'i aya ta 59. Ku haɗu ku duka ƴan garin, kowace jam'iyya, ku je wajen mai unguwa da dagaci da hakimi da DPO, a rubuta sunan duk wanda zai yi tsaro a san shi. Ga askarawan tsaron al'umma da gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar a Oktoban 2023, mai ƙarfi a jika ya nemi shiga in an buɗe. In wancan babban da gaske yake ya bi da taimakonshi ta nan ba sharaɗi.

Kuma ko da izini kuka riƙe, wanda ya kawo hari shi ake tunkuɗewa. Tare Bafulatani a kasuwa ko ƙona ruga don ramuwa kisan kai ne, wani rai ba ya ɗaukar laifin wani.

Wallahu a'alam.